Takina ya ƙi nuna: in sayi ruwan kwalba ne ko in watsa yuriya da toka?

Tambayar ta wani ɗan uwa ce mai lambu a wajen Ojo a Legas, yana noman latas da alayyahu da albasa mai lawashi. Yace ya tara ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji da yake kwasowa daga kasuwar Mile 12, ya haɗa da kashin kaji, yau wata biyu abu ya ƙi zama taki, sai ɗoyi da wani baƙin ruwa da ke tsiyaya ta ƙasa. Wani ya kawo masa tallan ruwan kwalba wai ƙwayoyin halitta ne a ciki, sati biyu taki ya nuna, wani kuma yace ya watsa yuriya da toka kawai. Wanne zai yi?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kar ka sayi ko ɗaya tukuna, yuriya da tokar nan ma in ka zuba su a kan wannan tarin naka ƙara dagula shi zaka yi. Daga yadda ka kwatanta, tarin nan ruwa ne ya sha kansa, iska bata shiga, kuma babu busasshen abu a ciki. Duk abin da ake ƙara wa taki, na kemikal ne ko na ƙwayoyin halitta, akwai giɓin da aka yi shi don ya cike, toh in ba wannan giɓin ne da kai ba kuɗinka ne kawai zai tafi.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin tarin. Masu yin aikin ƙananan halittu ne da ido baya gani, bakteriya da dangin funfuna, kuma abu biyu suke ci: kabon da naitirojin. Kabon shine tuwon, naitirojin shine miyar, ma'aunin da suka fi so kuwa kashi 25 zuwa 30 na kabon a kan kashi 1 na naitirojin. Kashin kaji zalla yana wajen 10 a kan 1, kashin shanu wajen 20, dusar katako kuwa ta haura 200, wata ma har 500. Kai ka haɗa kashin kaji da tumatir da kabeji, duka ɓangare ɗaya ne, miya ce zalla babu tuwo. Ga shi tumatir sama da kashi 90 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, ga ruwan saman Legas da ke haura milimita 1,500 a shekara, in Yuni ta kama kuwa kai ma ka sani. Danshin da ake so a tari kashi 50 zuwa 60 ne, da ya wuce haka ruwa ke cike ramukan da iska zata bi, sai masu aiki da iska su mutu, waɗanda basa buƙatar iska su karɓi wurin, su kuma aikinsu a hankali yake kuma sune masu wannan ɗoyin. Baƙin ruwan da kake gani yana gudu kuwa sinadarin takinka ne ke bin kwata, musamman fotash da naitirojin.

Gwaji mai sauƙi, ka cusa hannu tsakiyar tarin ka damƙo ka matse. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu ya jiƙe da yawa, in ka buɗe hannu ya wargaje ya bushe da yawa, wanda ake so shine ya dunƙule, tafin hannunka ya yi danshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Sannan ka samu rodi ka soke shi har tsakiya ka barshi kamar minti goma, ka zaro ka taɓa. Tari mai rai rodin zai yi zafin da baka iya riƙe shi da daɗewa, wajen digiri 55 zuwa 65 kenan. Naka na tabbata da sanyinsa zai fito yana yauƙi.

Gyaran ba na kwalba bane. Ka baje tarin ranar da aka samu rana, ka nemo busasshen abu: dusar katako daga wajen masu yankan katako, ɓuntun shinkafa, busasshiyar ciyawa, kwali marar leda a yayyaga, har ciyawar da ake shimfiɗawa a kwandon tumatir da ake zubarwa a kasuwa. Amma dusar katako ka kula, ta katako zalla zaka ɗauka, ka guji ta filawud da allon nan da ake matsawa da gam, da ta katakon da aka yi wa maganin gara. Ka sake gina tarin a kan wuri mai tudu ko a kan tsofaffin falet don kar ya zauna cikin ruwa, ƙasar Ojo kana tona kaɗan ruwa zaka tarar. Baro biyu na busasshe, baro ɗaya na jiƙaƙƙen, haka haka har ya kai tsayin ƙirjinka, faɗi kar ya gaza mita 1, tsayi kar ya wuce mita ɗaya da rabi. Ka rufe samansa da tamfol amma ka bar gefe a buɗe ya sha iska. Cikin kwana uku zuwa huɗu zaka ga tururi in ka ɗaga tamfol da safe. Daga nan juyawa duk sati.

Sai dai ka duba wane irin kashin kaji kake samu, don ba ɗaya bane. Na kajin da ake kiwo a ƙasa ya riga ya zo da dusar katako a jikinsa, wannan ka rage busasshen da zaka ƙara. Na kajin keji masu ƙwai kuwa jiƙaƙƙe ne zalla, ga alli da yawa a ciki saboda abincin da ake basu don ɓawon ƙwai, shi yafi kowanne zubar da naitirojin.

Yanzu maganar yuriya. Yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinta naitirojin ne, kuma tana da amfani a taki a wuri ɗaya tak: in tarinka busasshen abu ne ya yi yawa, kamar wanda ya tara dusar katako ko karan masara ko ɓuntu bashi da kashin dabba, tari ya zauna shiru baya zafi. Nan ne ake jiƙa yuriya a ruwa a yayyafa, kuma kaɗan ce, wajen kilo 3 ya ishi kilo 100 na busasshiyar dusar katako, kuma gara a raba ta biyu, rabi a farko rabi a juyawa ta biyu. Mu a nan Legas ma inaga ba dalilin sayen yuriya don wannan, ga gidajen kaji a Ikorodu da Epe da Badagry, ga abbatuwar Oko-Oba a Agege inda kashin tumbi ke tare kullum, shi kashin tumbin ma yana zuwa da nasa ƙwayoyin masu narkar da ciyawa. Kai da naitirojin ya riga ya yi maka yawa, in ka ƙara yuriya iska zata kwashe, buhun da ka saya da tsada ya tafi a banza.

Toka ita ce na fi son ka gane, don kusan kowa na yin wannan. Ka san zarnin nan da ke shiga hanci ya sa ido ruwa in ka shiga ɗakin kaji ko ka juya tari? Amoniya ce, kuma ita ce naitirojin ɗin takinka a hanyarta ta fita. Naitirojin a cikin tari yana zama ne a siffa biyu, ɗaya mai maƙalewa a jikin taki ɗaya mai tashi sama, abin da ke tura shi daga ta farko zuwa ta biyu shine zafi da kuma raguwar tsami, wato in ma'aunin pH ya haura 8. Toka da farar ƙasa aikinsu kenan, kashe tsami. Toh ka ɗauki kashin kaji da dama can pH ɗinsa a sama yake, ga zafin digiri 60, ka zo ka watsa toka, ai ka buɗe ƙofa ne. A takin kashin kaji asarar naitirojin ta wannan hanyar na iya kai rabi. Shi yasa zaka ga mutum ya yi taki baƙi mai kyan gani, ya zuba a fangali, latas ɗin kuma ganye ya ƙi yin kore shar.

Ba wai toka bata da amfani ba, tana da fotash da alli, kuma ƙasar kudu da yawa tsami ne da ita saboda yawan ruwan sama, tana so. Lokacinta ne daban: bayan taki ya nuna ya huce, ko ka watsa ta a fangali ita kaɗai kafin dashe. Inda kawai nake yarda da ita a farko shine tarin da ɓawon lemo da abarba da tumatir suka mamaye babu kashin dabba, har kana jin warin tsami, nan ɗan barbaɗe kaɗan yana taimakawa. Kanwa kuwa kar ma ka soma, naji masu cewa tana sa abu ya narke da wuri, gishirin sodiyam ne da ita kuma yana kashe ƙasa. Haka in ruwan rijiyarka ko bohol ɗinka yana da ɗanɗanon gishiri, kamar yadda ake samu a wasu wurare kusa da lagun, ka tari ruwan sama ka jiƙa tari da shi.

Kemikal ɗin da ni nake ganin ya cancanci kuɗinsa a takin kashin kaji shine mai riƙe naitirojin, ba mai ƙara shi ba. Na farko takin sufa. Sufa tana da ɗan tsami, tana kama amoniya kafin ta tashi, sannan kusan rabinta jifsam ne, wani farin ma'adini, ga fosfat wajen kashi 18 cikin 100 da zata bar maka a ciki. Kilo 2 zuwa 3 a kan kilo 100 na kashin kaji, kana barbaɗawa kana jera tarin. Zaka ji bambancin da hancinka a juyawar farko. Na biyu jifsam shi kansa, masu noman naman kaza a Turai sun daɗe suna sa shi a takinsu don ya hana shi yauƙi da dunƙulewa. Jifsam shine asalin abin da ake yin POP da shi, don haka ragowar da ake zubarwa a wajen gini, in bata da fenti, a daka ta tana yi. Amma sharaɗi, sai tari mai shan iska, in ka sa jifsam a jiƙaƙƙen tari irin naka na yanzu warin ruɓaɓɓen ƙwai zai kore ka daga lambun.

Na uku kuma shi na fi so, garin gawayi. Wajen masu sayar da gawayi akwai diddigar da ke taruwa a ƙasan buhu, da arha suke bayarwa. Gawayi ramuka ne da shi ƙanana birjik, yana shanye amoniya da ruwan da ya yi yawa, yana buɗe wa iska hanya, wari ya ragu. Kamar kashi 1 cikin 10 na tarin. Kuma baya ruɓewa, in ya shiga fangali zai shekara da shekaru yana riƙe ruwa da sinadari, wanda a ƙasar rairayi irin ta hanyar Badagry, da kana ban ruwa yana zurarewa, ba ƙaramin abu bane. Gawayi fa nace ba toka ba, a tankaɗe tokar a fitar.

Akwai kuma dutsen fosfat, ana samunsa a Sakkwato da Ogun. Shi kaɗai in ka zuba a gona baya narkewa da wuri, amma in aka niƙa aka sa a tari tun farko, tsamin da ƙwayoyin ke fitarwa yana narkar da wani ɓangare. Samunsa a kasuwa ne wahala, in baka samu ba sufa ta wadatar.

Toh sai ruwan kwalba. Ba zan ce maka duka ƙarya bane, don abin yana da asali. Mafi shahara shine wanda ake kira EM, wani farfesa ɗan Japan, Teruo Higa na jami'ar Ryukyus da ke Okinawa, shi ya fito da shi a shekarun 1980. Haɗi ne na bakteriyar da ke sa nono tsami, da yis, da wasu bakteriya masu amfani da haske. Akwai kuma Trichoderma, wata funfuna ce da aka yi amfani da ita a Filifin don ruɓar da tattakar shinkafa da wuri, Indiya ma a 2020 cibiyar binciken noma ta Pusa ta fito da nata haɗin funfunar don manoma su daina ƙona tattaka. Ka lura da abin da aka yi su dominsa, busasshen abu mai tauri wanda bashi da kashin dabba. Kai kuwa cokali ɗaya na kashin kaji ko tsohon taki yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyi, waɗanda suka saba da wurin, yanzu murfin kwalba biyu a bokitin ruwa me zai ƙara a kan tan guda? Sannan da tari ya ɗau zafi ya haura digiri 55, yawancin na kwalbar mutuwa suke, Trichoderma ma tafi jin daɗi a digiri 25 zuwa 30. Masu jure zafin dama suna cikin tarin suna jiran lokacinsu.

A Siwizalan an yi gwajin EM a gona na shekara 4, aka buga sakamakon a 2010. Sun gwada mai rai da wanda aka dafa aka kashe ƙwayoyin, basu ga wani bambanci ba, ɗan amfanin da aka gani daga dusar da aka haɗa shi da ita ya fito. Abin da ke faruwa da mutane da yawa kenan, takardar jikin kwalba zata ce ka yayyanka kayan, ka jera, ka daidaita ruwa, ka juya duk sati, mutum ya bi duka taki ya yi kyau sai ya gode wa kwalba. Maganar sati biyu kuwa, ko da injin juyawa abin da zaka samu a sati biyu ɗanye ne. A yanayinmu, da juyawa duk sati, ka sa ran sati 8 zuwa 12.

In dai tada tari kake so, ka ɗebi shebur biyu uku na tsohon taki da ya nuna ko baƙar ƙasar gindin bishiya ka barbaɗa tsakanin jeri, kyauta. In wari ne ke haɗa ka da maƙwabta kafin ka tara kayan da zasu isa tari, nan masu tsamin suna aiki da gaske: ka zuba kayan a durom mai murfi, kana yayyafa ruwan tsamin kamu da ɗan mazarƙwaila da aka jiƙa, kana dannawa kana rufewa. Ruwan tsamin da masu koko ke zubarwa yana ɗauke da dangin bakteriya da yis ɗin da ke cikin kwalbar. Abin zai tsimu ya yi tsami maimakon ɗoyi, ƙuda su ragu. Japanawa bokashi suke ce masa. Amma ba taki bane tukuna, sai ya shiga tari ko an binne shi ya yi sati biyu zuwa uku kafin a dasa komai a kai.

Inda ƙwayoyin saye suke biyan kuɗinsu shine ƙarshe. Bayan zafi ya sauka, rodi ya dawo ɗumi ɗumi ƙasa da digiri 40, zafin ya riga ya kashe masu cuta da irin ciyawa amma ya kashe wasu masu amfanin ma, wurin ya zama fili. In ka sa Trichoderma a wannan lokacin, ka jiƙa ka rufe a inuwa sati biyu, zata bazu a ciki, kuma tana yaƙar funfunar da ke sa ƴan dashe su ruɓe ta gindi su kwanta a bedi. Ga mai latas da tumatir a wuri mai danshi irin Legas wannan amfani ne na gaske. Haka masu narkar da fosfaras da masu kamo naitirojin daga iska irin Azotobacter, duk a ƙarshe ake sa su. Kuma in zaka saya ka duba abu uku a jiki: sunan ƙwayar da ke ciki a rubuce, adadinta a kowane giram, da ranar lalacewa. Abu ne mai rai, kwalbar da ta wuni a rana a kan tebur ko a but ɗin mota ruwa ka saya. Wanda ya kasa gaya maka sunan abin da ke ciki, yace sirrin kamfani ne, ka barshi da kayansa. Kuma kar ka haɗa su da maganin feshin funfuna a fangali ɗaya.

Wani abu da ba kemikal ba ƙwaya da zai gyara shi: shara gauraye. Nasan akwai masu ɗebo baƙar ƙasar bola suna tankaɗewa, a ƙauye da can ba laifi don toka ce da kashin awaki, amma bolar Legas akwai batir, fenti, baƙin mai, ƙonannen waya. Dalma da kadmiyam basa ruɓewa, kuma ganye irin latas da alayyahu yana jan su, mutane kuma ɗanye suke cin latas. Ka tsaya a kan kayan gwarin kasuwa da ka san asalinsu, ka tsince leda da roba tun a wajen lodi. Saboda ɗanyen cin nan ne ma zafin yake da muhimmanci, ƙa'idar da Amurka ke bi a irin wannan tarin shine ya riƙe digiri 55 na kwana 15 ana juya shi sau 5, don abin da ke gefe ma ya shiga tsakiya ya dahu. In ka ga farare ko baƙaƙen tsutsotsi masu kauri a gefen tari kar ka fesa musu komai, na wani baƙin ƙuda ne marar cuta, cin kayan suke, kaji ma na son su, alama ce dai har yanzu akwai danshi da yawa.

Kafin ka kai shi fangali ka gwada. Taki da ya nuna baya sake zafi ko an juya, ƙamshin ƙasa yake, baka gane tumatir ko kabeji a ciki, girman tarin ya koma wajen rabi. Ka cika gwangwani biyu, ɗaya ƙasar lambunka zalla, ɗaya rabi ƙasa rabi taki, ka sa ƙwayar irin latas 20 a kowanne ka ajiye a inuwa. Latas baya jure ɗanyen taki ko gishiri, shi yasa ya dace da gwajin. In bayan sati na takin ya tsiro daidai da ɗayan, bismillah, ka sa kamar bokiti ɗaya a kowace mita biyu ta fangali ka cakuɗa da ƙasar sama. In ya tsiro tsilla tsilla ko bakin ganyen ya ƙone, ka ƙara masa sati uku a inuwa, ka juya sau ɗaya a tsakani, sannan ka sake gwadawa.